Tambayoyin Masu Karatu: Ɗaukar Hoton Jirgin Ƙasa a Kan Tudun Adamawa

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, huɗu sun faɗa a kan abu guda, wato jirgin ƙasan da ke hawowa daga Yawunde zuwa Ngaundare a ƙasar Kamaru da yadda za a ɗauke shi a hoto, saboda haka muka haɗa su wuri ɗaya. Mun taƙaita wasiƙun, amma ba mu sauya maganar masu su ba.

Tambaya, daga wani matashi mai shagon hoto a Garwa: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata hoton biki da na suna da na fasfo. A watan Disamba na raka yayana Ngaundare karɓar kaya, na fita bayan gari na ɗauki hoton jirgin kaya fiye da sau goma. Da na dawo gida na duba, sai na tarar kan jirgin ya yi dishi-dishi, sama ta yi fari fat, kuma tuddan da na gani da idona ba su fito ba ko kaɗan, kai ka ce a filin kwari na ɗauka. Shin laifin kyamarata ne, in nemi wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayar da kyamararka, domin wadda ke iya ɗaukar amarya a cikin ɗaki mai duhu ba za ta kasa ɗaukar jirgi da rana tsaka ba. Matsaloli uku ka lissafa, kuma na farko maganinsa yana kan maɓallan kyamara, na biyu yana ga lokacin da ka fita, na ukun kuwa yana a ƙafarka, wato wurin da ka zaɓa ka tsaya.

Bari in fara da na ukun, domin shi ne babba. Tudun Adamawa tudu ne na gaske: Duwala tana bakin teku, Yawunde tana kan tsayin mita 750 ko kusa da haka, Ngaundare kuma ta haura mita 1,000. Amma jirgin ƙasa ba ya hawan tudu irin hawan da tirela ke yi a gangaren da ke tsakanin Ngaundare da Garwa, wanda kai ka san shi sarai. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da kamun ƙasa irin na taya. A shimfiɗaɗɗen wuri wannan alheri ne, domin ƙarfin da bai wuce na ɗaga kilo biyu ko uku ba ya isa ya ja tan guda na kaya, amma da zarar layi ya tashi da mita ɗaya a cikin kowane mita ɗari, sai kowane tan ya nemi ƙarin kilo goma, ka ga ke nan jirgi mai nauyin tan 1,000 zai buƙaci ƙarin jan tan goma saboda hawan da kai mai tafiya a ƙafa ba za ka ma ji shi a gwiwarka ba. Wannan ne ya sa injiniyoyin da suka shimfiɗa layin Yawunde zuwa Ngaundare, mai tsawon kilomita 622, wanda aka fara a 1964, ya isa Belabo a 1969, ya kuma kai Ngaundare a 1974, suka riƙa bin kwaruruka da gefen tuddai suna kewayawa, inda tudu ya tsaya musu su yanka shi, inda ƙasa ta faɗa su cike ta ko su yi gada.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, idan ka tsaya daf da layi ka ɗauki jirgi daga gefe, ba za ka taɓa ganin hawa ba, domin hawan mita ɗaya cikin ɗari ba ya bayyana a hoto. Tudu yana bayyana ne ta hanyar abin da ya tilasta wa layin ya yi: kwanar da jirgi ke lanƙwasawa a cikinta kamar maciji, yankakken dutsen da yake fitowa daga tsakaninsa, doguwar cikon ƙasa da take ɗaga shi sama da itatuwa, da kuma baƙin hayaƙin da kan jirgin ke fitarwa idan direba ya buɗe masa wuta a hawa. Saboda haka ka nemi kwana, sa'an nan ka nemi wuri mai bisa da ke kallonta daga nesa, ko dutse ne ko gefen tudu, ka tsaya ta cikin kwanar, domin daga nan ne za ka ga kan jirgin da taragunsa duka suna kewaye ka. Ka bar jirgin ya zama ƙarami a cikin hoton, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran ka bar wa ƙasar. Na san wannan ya saɓa wa hannunka, domin mai hoton fasfo ya saba cika hoto da fuska, amma a nan idan ka cika hoton da kan jirgi, to hotonka zai iya zama na Duwala, zai iya zama na Kano, babu mai cewa ga inda aka ɗauke shi.

Idan kana da gilashin da ke janyo abu daga nesa, irin mai milimita 200, yi amfani da shi a nan. Yana matso da tuddan baya kusa da jirgin, ya sa su yi girma a bayansa, yana kuma tattara kwanar ta fito a matse. Gilashi mai faɗi kuwa akasin haka yake yi, yana tura duwatsu can nesa ya mayar da su kamar kunyar gona, kuma ina kyautata zaton shi ka sa, tun da shi masu hoton biki suka fi barin sa a kan kyamara.

Batun dishi-dishi lissafi ne kawai. Jirgin da ke tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan kyamararka ta ƙifta a kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, kamar yadda take yi a ɗakin biki, jirgin ya riga ya matsa da santimita 28 kafin ta rufe ido, to ina za ka ga lambar da ke jikinsa? A kashi ɗaya cikin 500 matsawar ba ta wuce santimita uku da ɗan abin da ba a rasa ba, a kashi ɗaya cikin 1,000 kuma ba ta kai biyu ba. Ka ɗaure saurin ƙiftawa a 500 ko 1,000 da hannunka, ka bar ƙofar haske a wajen 8 domin jirgi da tudu su fito tare, idan haske ya gaza ka ƙara ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, kada ka rage sauri. Jirgin da ke tunkaro ka ya fi sauƙin kamawa a kan wanda ke gilmawa ta gabanka, jirgin kaya mai nauyi da ke fama da hawa kuma ya fi kowanne sauƙi, domin sau da yawa tafiyarsa ba ta fi ta mai keke ba. Ka kuma daidaita idon kyamarar tun kafin jirgin ya zo, a kan wani wuri a layin inda kake son kan jirgin ya kasance, ka sa ta ta ɗauka a jere idan ya iso.

Farar sama kuwa aikin hunturu ne. A Disamba ƙura ta riga ta cika sararin sama, kyamara kuma ba ta ganin shuɗi a inda babu shi. Ka rage samaniya a hotonka, ka bar mata ɗan siriri a sama, kuma ka fita da wuri. Ngaundare ba ta da nisa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta miƙe sama da sauri, kafin ƙarfe tara haske ya yi kauri, inuwa ta shige ƙarƙashin taragu ta ɓoye ƙafafunsu. Da sassafe kuwa hazon nan da ka tsana shi ne ke jera tuddai ɗaya bayan ɗaya, na kusa baƙi, na bayansa toka-toka, na can ƙarshe kamar hayaƙi, kuma ni a ganina babu lokacin da tudun Adamawa ya fi kyau a hoto kamar wannan. Gargaɗi ɗaya: kada ka kuskura ka cire gilashin kyamara a fili a wannan lokaci. Na taɓa yin wannan gangancin a kan wani dutse a kudancin garin, ina jin ƙugin jirgi na yi sauri na sauya gilashi iska tana kaɗawa, da na koma masauki sai na tarar kowane hoto yana da ɗige baƙaƙe guda uku a wuri ɗaya, kamar an yi masa zanen fuska.

Tambaya, daga wata malamar makarantar firamare a Injamena: Malam, barka da aiki. Ɗalibaina ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafi. A hutu mai zuwa zan bi jirgi daga Ngaundare zuwa Yawunde ziyarar 'yar'uwata, kuma ina so in kawo musu hotunan jirgin fasinja yana ratsa duwatsu. Waya kawai gare ni. Yaya zan yi?

Amsa: Barka kadai, Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan niyya. Gaskiya ne Cadi ba ta da layin dogo, amma ki gaya wa yaran cewa jirgin nan nasu ne su ma, domin kaya da yawa da ke shiga Cadi daga tashar ruwan Duwala jirgin ƙasa ne ke ɗauko su, ya yi tafiyar kilomita 884 zuwa Ngaundare inda layin ya ƙare, daga nan manyan motoci su ɗauka, wasu ta Garwa da Marwa zuwa Kusiri, wasu ta Tuboro zuwa Mundu.

Sai dai dole in gaya miki abin da zai rage miki murna. Jirgin fasinja tsakanin Ngaundare da Yawunde na dare ne, yana tashi bayan magariba ya isa washegari. Wato a tafiyarki ta zuwa, duk tudun Adamawa a cikin duhu za ki ratsa shi, gari zai waye miki ne a cikin kurmin kudu, wajen kogin Sanaga. Hotunan tuddai a dawowa za ki samu, domin jirgin da ya taso daga Yawunde da yamma yana cin ƙarshen tafiyarsa da safe, kuma tsakanin Ngaundal da Ngaundare akwai fiye da kilomita 100 na tudu da ciyawa da garken shanu. Ki tanadi cajin wayarki da wurin ajiyar hoto domin wannan safiyar, kada ki ƙarar da su da dare.

Daga cikin jirgi ma ana ɗaukar jirgi, kuma dabarar ita ce kwana. Idan taragonki yana can baya, duk lokacin da layin ya lanƙwasa za ki hangi kan jirgin da taragun gaba ta taga. Ki goge idon wayar da gefen mayafinki, ki manna ta a jikin gilashin taga domin kada hasken cikin tarago ya dawo a hoton, ki kashe fitilar waya, ki danne maɓallin ta ɗauka a jere. Kada ki fitar da hannu ko kai waje, domin rassan itatuwa da bangon yankakken dutse suna kusa fiye da yadda ake zato. Kada kuma ki janyo hoto da yatsu biyu har ƙarshe, domin a yawancin wayoyi wannan yanka hoton kawai yake yi, ya fito a farfashe. A jirgin da ya nufi arewa da safe rana tana hannun dama, saboda haka tagar hagu ce za ta ba ki ƙasa mai haske ba tare da rana ta daki idon wayar ba.

Abin da nake ganin zai fi burge ɗalibanki ma ba duwatsun ba ne. A ƙananan tashoshi, da jirgi ya tsaya, mata da yara sukan taso da faranti a ka, ga zuma a cikin gora, ga ayaba, ga abarba, suna miƙawa sama ta taga, fasinja yana miƙo kuɗi ƙasa, kowa yana sauri kafin a busa usur. Wannan hoto ne mai rai, amma mutane ne masu mutunci da iyali, ki yi sallama, ki saya, ki nemi izini, wadda ta kau da fuska ki sauke wayar. A cikin babbar tasha kuma ki tambayi shugaban tasha ko jami'an tsaron da ke wurin kafin ki ɗaga waya. A Kamaru ba a yarda a ɗauki hoton wuraren soja da na tsaro ba, tashar jirgi da gadoji kuma wurare ne da ake sa wa ido, musamman ga baƙo mai takardun wata ƙasa. Ki faɗa musu ke malama ce, ki faɗi abin da za ki yi da hoton, idan aka ce a'a ki haƙura.

Tambaya, daga wani dattijo mai fataucin shanu a Ngaundare: Malam, ɗana da abokansa sun ɗauki ɗabi'ar tsayawa a kan layin dogo suna ɗaukar kansu a waya, jirgi yana tahowa a bayansu, sai ya matso su yi tsalle. Na yi faɗa, ya ce min ya san lokacin da zai kauce. Ina so ka yi masa bayani, ko zai ji daga bakin masu ilimin abin.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, kuma gaskiya tana wurinka. Zan yi maganar da shi kai tsaye, ka ba shi ya karanta.

Ɗana, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan jirgin ƙasa ido bai san kima ba. Babban abu idan yana tunkaro mutum kai tsaye yakan yi kamar ba ya sauri, allon waya kuma yana ƙara nisanta shi, ka ga kamar yana can alhali ya iso. Ka duba lissafin da na yi wa mai shagon hoto a sama: mita 17 a daƙiƙa guda. Jirgin da ke nesa da kai da tsawon filin ƙwallo zai iso inda kake a cikin daƙiƙa shida, idan takalminka ya maƙale tsakanin tsakuwa da kwangiri sau ɗaya, shi ke nan. Direba ba shi da sitiyarin da zai kauce maka, kuma ko ya taka birki tun da ya hango ka, jirgin kaya mai nauyi sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, a gangara abin ya fi haka. A gangaren ne ma ya fi haɗari, domin injin ba ya ƙugi kamar yadda yake yi a hawa, jirgin yakan sulalo ne, idan kuma akwai kwana ko yankakken dutse tsakaninku, ƙarar ba za ta iso kunnenka ba sai ya fito.

Tsallen da kake yi gefe ma bai fitar da kai ba. Faɗin layin nan mita ɗaya ne tsakanin kwangiri da kwangiri, amma tarago ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba, jikinsa yana fitowa kusan mita guda ta kowane gefe, ban da igiya ko sarƙa ko waya da kan kwance daga kaya tana lilo. Ka tuna kuma da bawan Allah da ke cikin kan jirgin, wanda yake kallonka ba shi da yadda zai yi. Mu da muka daɗe muna wannan aiki ba ma taka layi, ba ma hawa gada, ba ma shiga inda aka yanka dutse, muna tsayawa aƙalla taku goma sha biyar daga kwangiri, kuma mafi yawan hotunan da nake alfahari da su daga nisan mita ɗari ko fiye na ɗauke su. Idan hoton da abokanka za su yaba kake so, hau dutse ka ɗauki jirgin shanu yana sauka kudu, wataƙila ma da na mahaifinka a ciki.

Tambaya, daga wani ɗalibin jami'a a Ngaundare: Yaya zan san lokacin da jirgin kaya zai wuce, kuma wane wata ya fi dacewa?

Amsa: Jirgin kaya ba shi da lokacin da ake bugawa ga jama'a. Layin guda ɗaya ne, jirage suna kauce wa juna ne a tashoshi, saboda haka na kaya yakan jira na fasinja, ko ya jira a gama loda masa auduga ko shanu ko a sauke masa kwantena da tankokin mai. Masu sanin motsinsa su ne mutanen da ke zaune a bakin layi: mai gadin mahaɗar titi, masu sayar da abinci a tasha, da makiyaya. Na taɓa zama a kan wani dutse tun bayan sallar asuba har hantsi ya ɗaga ban ga komai ba, ina naɗe kayana sai wani yaro makiyayi da ke jingine da sandarsa ya ɗaga min hannu ya ce in dakata, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran sallah daga wani ƙauye. Ni ban ji komai ba. Ya kora shanunsa nesa da layi a hankali, kuma ba a yi minti biyar ba sai ga kan jirgin ya ɓullo daga bayan tudu da taragun mai a bayansa. Tun daga ranar, in na isa wuri, gaisuwa nake fara yi kafin in buɗe jaka, kuma ɗan Fulatancin da ka iya zai yi maka amfani a nan fiye da kowane gilashi.

Game da wata, ni ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba na fi so, lokacin da ruwa ya ɗauke, iska tana nan a wanke, ciyawa ba ta bushe ba, hunturu kuma bai sauko ba. Aibinsa ɗaya, ciyawar takan yi tsawon da za ta rufe ƙafafun jirgi, don haka sai ka ƙara hawa sama. Daga Disamba ana ƙona daji, ƙasa ta yi baƙi amma layi ya fito fili. Ka je ka duba wurin kwana guda kafin ranar ɗauka, a daidai lokacin da kake son ɗaukar, ka ga inda inuwa take faɗawa. Idan jirgin safe mai zuwa daga Yawunde kake jira, tsaya ta gabashin layi, ka sa rana a bayan kafaɗarka, ka tafi da ruwa da hula da takalmi mai rufi saboda macizai a cikin duwatsu.